Yajin Da Iyatu Ta Haɗiye

A wata makarantar firamare a garin Kusada akwai wata yarinya 'yar aji shida mai suna Iyatu. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. In ka tambayi malamai, za su ce maka babu yarinya mai sauƙin kai kamarta. Ba ta musu, ba ta gardama. Abin da ba su sani ba shi ne, gardamar tana nan, a ciki take yin ta.

Iyayenta makiyaya ne, rugarsu tana can wajen ƙauyen Boko. Saboda karatu aka kawo ta cikin gari wurin kakarta, Inno. Ita kuwa Inno tsohuwa ce mai tsananin fulako, wato kunya da kamun kai irin na Fulani. Tun ranar farko ta ja kunnen jikarta.

"Ki ji da kyau," in ji Inno. "'Yar mutunci ba ta nuna kwaɗayi. In an ba ki abinci a waje, kada ki ce wannan nake so, wancan ba na so. Kada ki ja mani abin faɗe a garin mutane."

Iyatu ta riƙe maganar nan gam. Har ma ta riƙe ta fiye da yadda Inno take nufi.

A makaranta ta yi ƙawaye biyu. Akwai Shamsiyya, 'yar wani malamin Islamiyya, gajeruwa mai kazar-kazar, bakinta ba ya hutawa. Akwai kuma Luba, wadda ko ƙuda ne ya faɗa ruwa sai ta yi dariya. Su ne suka fara yi wa Iyatu magana ranar da ta zo baƙuwa. Duk garin ba ta da kowa sai su, don haka tana tsoron ranar da za su gaji da ita.

Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai yara su kwasa a guje zuwa bakin ƙofar makaranta. A nan masu abinci suke zama. Ga Tani mai ɗanwake, ga mai awara, can gindin darbejiya kuma ga Rabi mai fura da nono da ƙwaryarta fara tas.

Kullum Shamsiyya ce take tambaya. "Yau wurin wa za mu ci?"

Kullum kuma amsar Iyatu ɗaya ce. "Duk inda kuka ce."

"To, mu je wurin Tani."

Sai a zuba musu ɗanwake a kwano ɗaya, a kwarara mai, a barbaɗa yaji har ya yi ja. Tani ba ta rowar yaji. Shamsiyya kuma sai ta ce a ƙara.

Iyatu ba ta son yaji ko kaɗan. Yana ƙona mata baki, ya bi ya ƙona mata ciki. A rugarsu ba a saba da shi haka ba. Ita fura take so. Tun da aka kawo ta gari take kewar nonon shanunsu, domin Inno ba ta da saniya ko ɗaya. Amma sai ta sa hannu a kwano, ta ci, ta yi murmushi, tana satar kallon ƙwaryar Rabi.

Bayan tara ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta juya dama, ta juya hagu. Ta danne cikinta da littafi. Ta nemi izinin shan ruwa, ta dawo, ta sake nema. Malami yana bayani a allo, ita kuwa tana can tana faɗa da Shamsiyya a zuciyarta.

"Kullum ita! Kullum ita ce mai zaɓe. Ni ba mutum ba ce?"

Da ta ɗaga kai suka haɗa ido, sai ta yi mata murmushi.

Haka aka yi ta tafiya, mako ya bi mako. Fushin da ba a faɗa ba kuwa ba ya mutuwa, girma yake yi. Iyatu ta fara jin haushin abubuwan da a da ba su dame ta ba. Dariyar Luba ta yi mata yawa. Yadda Shamsiyya take suɗe yatsu ya fara ba ta takaici. Ran nan Shamsiyya ta nemi aron biro, Iyatu ta ce ba ta da shi, alhali guda biyu ne a jakarta.

A gida ma ba ta da sukuni. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye.

"Wai ke mi ke damunki?" in ji Inno. "Kin hana ni sakat, sai ka ce kaza mai neman wurin ƙwai."

"Ba komai, Inno."

Sau da yawa takan shirya maganar tun daga gida. Gobe za ta ce, "Yau dai mu sha fura." Kalma biyar kacal. Tana tafe a hanya tana maimaita su. Amma da an zo bakin ƙofa, Shamsiyya ta juyo ta tambaya, sai harshenta ya yi nauyi. In suka ce ta cika kwaɗayi fa? In suka tafi suka bar ta, da wa za ta zauna?

"Duk inda kuka ce," za ta sake faɗa. Daga nan sai ta ji haushin kanta, ta ɗora a kan haushin Shamsiyya.

Ana nan, sai aka shirya gasar kacici-kacici ta makarantu a Kankia. Malama Humaira, malamar ajinsu, ta zaɓi yara uku. Su ukun nan ne dai, domin su ne suka fi ƙoƙari. Aka naɗa Shamsiyya mai ba da amsa, saboda muryarta ta fi fita. Dokar gasar ita ce, in an yi tambaya, yaran za su haɗa kai su yi shawara, sannan mutum ɗaya ya amsa.

Ranar gasa suka shiga mota da sassafe. Da suka sauka a tashar Kankia, Malama ta duba agogo.

"Akwai sauran lokaci," in ji ta. "Ku fara cin abinci. Ga mai waina, ga mai shinkafa da wake, ga kuma masu fura can. Iyatu, ke ba a jin bakinki. Yau ke za ki zaɓa."

Iyatu ta waiwaya. Ga 'yan Fulani nan zaune a jere da ƙoren nono, ludaya a kife a kan faifai. Har ƙanshin yana zuwa mata. Ta buɗe baki, sai ta tuna a gaban malama take. Yaya za a yi ta nuna kwaɗayi a gaban babba?

"Duk ɗaya ne, Malama," ta ce, kanta a ƙasa.

"To mu nemi ɗanwake, Malama," in ji Shamsiyya da sauri.

A tashar babu mai ɗanwake. Sai da suka yi tafiya, suka tambayi wani mai shago, suka shiga wani lungu, sannan suka samu. Duk takun da Iyatu ta yi, zuciyarta ƙara tafasa take yi. A ce har a wani gari ma sai an bi son Shamsiyya! Yajin mai ɗanwaken nan kuwa ya ninka na Tani. Iyatu ta ci, idonta yana ruwa.

A zauren gasa jama'a sun cika. Aka fara tambayoyi, lissafi, addini, tarihi. Makarantu suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura biyu, su da wata makaranta daga Yashe. Sun yi kunnen doki. Tambaya ɗaya ta rage, wanda ya ci ta shi zai tafi da kofi.

Iyatu tana zaune tana mutsu-mutsu a kujera. Cikinta kamar an hura wuta. Zufa tana bin bayanta. Ba ta jin komai sai muryar da ke cikin kanta tana cewa, "Duk ita ta ja."

Alƙalin gasa ya ɗaga takarda. "Tambaya daga darasin noma da kiwo, ga 'yan Kusada. Wata nawa saniya take yi da ciki kafin ta haihu?"

Luba ta kusa yin tsalle don murna. Malama Humaira ta yi murmushi daga inda take zaune. Ai an zo gidan. Wa zai tambayi 'yar makiyaya wannan? Iyatu ta san amsar tun kafin ta san harafin farko. Wata tara ne da 'yan kwanaki.

Shamsiyya ta matso da kunnenta. "Iyatu, nawa ne? Yi sauri!"

Iyatu ta dube ta. Duk fushin da ta tara ya taso mata.

"Ba ke ce mai zaɓa mana komai ba?" ta ce a hankali. "To zaɓi."

"Mi kika ce?"

"Na ce ki zaɓa."

Shamsiyya ta yi sororo. Alƙali ya ce lokaci yana tafiya. Ta dubi Luba, Luba ta girgiza kai. Shamsiyya ba ta san saniya ba, akuyar gidansu kawai ta sani. Ta miƙe ta amsa.

"Wata biyar."

Aka miƙa tambayar ga 'yan Yashe. Suka amsa daidai. Zauren ya kaure da tafi, wani yaro daga baya har da cewa, "Ga Bafulatana a cikinsu, amma ba su san saniya ba!" Aka yi dariya.

Da suka fito waje, Shamsiyya ta sha gaban Iyatu, hawaye yana zuba.

"Kin sani! Wallahi kin sani! Mi na yi maki?"

A nan ne bakin Iyatu ya buɗe, amma ya buɗe ba ta hanyar da ta dace ba.

"Mi kika yi mani? Kullum ɗanwake! Kullum yaji! Cikina ya ƙone, ke ko a jikinki. Kanki kaɗai kika sani. Na gaji da ke, na gaji da son kanki!"

Luba ta daina motsi. Shamsiyya ta share ido da gefen hijabinta, ta dubi Iyatu kamar yau ta fara ganin ta.

"Ni ce mai son kai?" ta ce. "Ranar da kika zo makarantarmu, na saya maki ɗanwake. Kika cinye tas. Na ce da daɗi? Kika ce ba ki taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Na ce yajin fa? Kika ce ya yi daidai. Ko ba a yi haka ba?"

Iyatu ta sunkuyar da kai. An yi haka. Yunwa take ji ranar, kuma kunya ta hana ta faɗin gaskiya.

"Ni awara nake so," in ji Luba a sanyaye. "Shamsiyya ce take cewa mu haƙura, ke baƙuwa ce, mu bi abin da kike so."

"Fura kuma mun ɗauka kin gaji da ita, tunda a cikinta kika tashi," in ji Shamsiyya. "Kullum sai na tambaye ki. Kullum! Ni na san abin da ke cikinki ne?"

Ta juya ta tafi wurin mota. Luba ta bi ta. Har aka iso Kusada babu wadda ta ƙara yi wa Iyatu magana.

Washegari da aka tashi tara, Shamsiyya da Luba suka fita tare, ba su waiwayo ba. Iyatu ta je gindin darbejiya ita kaɗai, Rabi ta dama mata fura. Ga furar da ta daɗe tana mafarkinta a hannunta, amma ta kasa sha. Kurɓa biyu ta yi ta ajiye. Abin da ta yi ta gudu ya same ta, kuma ita ta kira shi da bakinta.

Kwana uku aka yi haka. Ba ta iya karatu, ba ta iya wasa. Ta zauna a aji, ta fita, ta zagaya bayan aji, ta dawo. A rana ta uku Malama Humaira ta kira ta.

"Zauna," in ji Malama. "Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye maki ba. Ba don kofi ba. Kofi ana samun wani. Kin kunyata ƙawarki a gaban jama'a da gangan."

"Na yi kuskure, Malama."

"Kin san daga inda kuskuren ya fara?"

"A zauren gasa."

"A'a. A tasha na tambaye ki, da bakina. Mi kika ce mani?"

"Na ce duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne ɗin?"

Iyatu ta girgiza kai.

"To kin gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai faɗa ba, kada ya ga laifin maƙwabci. Kin hukunta Shamsiyya a kan laifin da ba ta san tana yi ba."

Da yamma Iyatu ta kwashe labarin duka ta faɗa wa Inno, tana kuka. Ta ƙare da cewa, "Ai ke kika ce kada in nuna abin da nake so."

Inno ta ajiye carbinta, ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Yau ga yarinya za ta ɗora mani jakar tsaba. Na ce maki kada ki yi kwaɗayi, ban ce ki yi ƙarya ba. Mai fulako in ya bar wa wani abu, ya bar shi ke nan har cikin zuciya. Ke kuwa kin bari a baki, kin riƙe a ciki. Wannan ba fulako ba ne, ƙullaci ne."

"To yanzu ya zan yi?"

"Ƙafa gare ki, baki gare ki. Gobe Asabar, ki tahi gidan su Shamsiyya."

Da hantsi Iyatu ta kama hanya. Sau biyu tana juyowa, sau biyu tana sake komawa. Ta wuce zauren da mahaifin Shamsiyya yake karantar da yara, ta yi sallama a tsakar gida. Shamsiyya tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa. Ta amsa sallamar ba tare da ta ɗago ba.

Iyatu ta durƙusa ta gaida mahaifiyar Shamsiyya, wadda yara suke kira Umma. Sannan ta matsa kusa da ƙawarta.

"Shamsiyya, ki yafe mani. Ni ce mai laifi. Kin yi ta tambaya ta, ni ce na ƙi faɗa. Abin da na yi maki a Kankia kuma, ko na tuna sai in ji kunya."

Shamsiyya ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

"Na ji," ta ce. "Amma ni yanzu tsoronki nake ji. In kin yi mani dariya, ban sani ba ko ta gaskiya ce. In kin ce to, ban sani ba ko a'a kike nufi. Ya za a yi ƙawance haka?"

Iyatu ta zauna tana murza gefen tabarma.

Can sai ga Umma ta fito daga madafa da kwano a hannu. Ba ta san abin da ya haɗa su ba, Shamsiyya ba ta faɗa mata ba.

"Ga dambu, ɗiyata," in ji Umma. "Shamsiyya ta ce mani ke gwanar yaji ce, shi ya sa na cika maki shi da kyau."

Ta ajiye kwanon a gaban Iyatu. Dambun ya yi jawur. Shamsiyya ta daina tsintar shinkafa. Ido kawai ta zuba wa Iyatu.

Iyatu ta dubi Umma. Wannan ba ƙawa ba ce, uwa ce, a cikin gidanta, da abincin da ta dafa da hannunta. Hannun Iyatu har ya kama hanyar kwano don sabo. Sai ta janye shi, ta sunkuyar da kai.

"Umma, na gode, Allah ya saka da alheri," ta ce, muryarta can ƙasa. "Amma ki yi haƙuri. Yaji yana ƙona mani ciki. Ba na iya cin sa."

Ta rufe ido tana jiran faɗa.

"Ayya, 'yar nan!" in ji Umma. "To ai gara da kika faɗa. Da na cuce ki ban sani ba. Akwai saura a tukunya, ban sa masa komai ba."

Ta ɗauki kwanon ta koma madafa, ko a jikinta. Iyatu ta buɗe ido tana mamaki. Ashe abin da ta yi wata da watanni tana tsoro bai wuce haka ba.

Shamsiyya ta ture faifan shinkafa gefe. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma dariya ta ƙwace mata.

"Lallai yau kin yi abin kai. Umma kika mayar wa da abinci?"

"Ni kaina mamaki nake yi," in ji Iyatu.

Umma ta kawo wani dambun fari, mai zogale da ƙuli. Shamsiyya ta ɗebo ruwa a buta, ta zuba wa Iyatu ta wanke hannu, ita ma ta wanke. Ta kawo nata yajin a murfin kwalba ta ajiye a gefenta. Suka sa hannu a kwano ɗaya.

"Ranar Litinin sai ki ba Luba haƙuri ita ma," in ji Shamsiyya da abinci a baki. "Ta fi ni fushi, dariya ce kawai take hana a gane."

"Zan ba ta."

Ta kuwa ba ta, Luba ta yafe. Daga ranar suka koma cin abincinsu tare, kowacce tana faɗin abin da take so. Wata rana a bi nata, wata rana ta bi na wasu da zuciya ɗaya.

Yara, faɗin abin da kuke so cikin ladabi ba rashin kunya ba ne. In kun bar wa wani zaɓi, ku bar masa har zuciya. In kuwa abin yana cutar da ku, ku faɗa tun da wuri, domin ba wanda ya san abin da ke cikin wani sai an gaya masa.